Agadir, birnin da ya mutu sau biyu ya tashi

A kudancin ƙasar Maroko, kimanin kilometa 500 daga Kazabalanka, inda duwatsun Atlas suke gangarowa su taɓa tekun Atlantika, nan birnin Agadir yake. Dutse ya kare shi daga iskar arewa, rairayin gaɓarsa shimfiɗe yake kamar tabarma, rana kuma ba ta cika ɓuya ba ko da hunturu ne. Wannan ne ya sa Turawan Faransa da Jamus da Ingila suke tururuwa can don shan iska. Sai dai tarihin garin ya fi otel-otel ɗinsa ban sha'awa, domin sau biyu yana durƙushewa yana miƙewa.

A harshen Barbar mutanen yankin, Agadir na nufin rumbu mai ganuwa, inda jama'a ke adana hatsi da dukiya. A shekara ta 1505 mutanen Fotugal suka gina sansani a gindin dutsen, suna ciniki da mutanen ƙasa. A 1541 sarakunan Sa'adiyawa suka kore su, garin ya zama tashar da ake fitar da sukarin kwarin Sus, da kayan da ayari ke kawowa daga bayan Sahara, irin su zinariya da fatu. Wannan arziki bai dawwama ba. Wajejen 1765 Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ya gina tashar Mogador, wadda ake kira Sawira a yau, ya karkatar da cinikin Turawa can, saboda bai amince da manyan Sus ba. Fatake suka kwashe kayansu suka bi kasuwa, Agadir ta koma ƙauyen masunta. Mutuwar farko ke nan, kuma umurnin sarki ne ya jawo ta.

Sunan garin bai sake fitowa ba sai a watan Yuli na 1911, lokacin da Jamus ta aiko jirgin yaƙi mai suna Panther ya tsaya a gaɓar, don ja da Faransa a kan mallakar Maroko. Saura ƙiris yaƙi ya ɓarke a Turai. Aka sasanta, Jamus ta karɓi wani yanki na Kwango, sojan Faransa kuma suka shiga Agadir a 1913. A zamaninsu aka gina sabuwar tashar jiragen ruwa da masana'antun sa kifin sardin a gwangwani.

Mutuwa ta biyu ta zo a daren 29 ga Fabrairu 1960, cikin watan azumi, gab da tsakar dare. Ƙasa ta girgiza na kimanin daƙiƙa 15. Unguwannin Kasba da Funti da Talborjit suka zama tarin ƙasa, mutane tsakanin 12.000 da 15.000 suka rasu, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na mazauna garin. Girgizar ba ta cikin mafi ƙarfi da aka sani a duniya, amma tushenta yana kusa da garin ƙwarai, gidajen kuma na dutse da laka ne, ba ginshiƙi ba ƙarfe.

Sarki Muhammadu na biyar ya ba da umurnin a sake gina birnin. Hukuma ta ɗauki matakai biyu masu nauyi: ta gusar da garin kudu kaɗan, nesa da tsagar ƙasar da ta jawo bala'in, ta kuma kafa dokar gini wadda ta tilasta siminti da ƙarfe. Aka zana tituna masu faɗi tun kafin a aza tubali, aka keɓe gaɓar teku don masaukin baƙi. Tsohuwar Kasba tana nan bisa dutse, ganuwarta tana kallon sabon garin, ga kuma kalmomi uku da aka rubuta da manyan haruffa a jikin tudun: Allah, Ƙasa, Sarki.

Ƙidayar 2014 ta sami mutane sama da 420.000 a cikin birnin. An buɗe jami'ar Ibnu Zuhur a 1989, babbar hanyar Marakesh kuma a 2010. Tashar tana cikin manyan tashoshin kamun kifi na Maroko. Kwarin Sus shi ne lambun ƙasar: lemu da tumatir suna tafiya Turai, manyan motoci kuma suna gangarawa da su Nuwakshot da Dakar da Bamako. Kasuwar Lahadi, wato Suk El Had, tana da dubban shaguna, daga man argan har kayan yaji.

Barazana ta uku ita ce ƙishirwa. Otel yana son ruwa, lambu yana son ruwa, jama'a kuma kullum ƙaruwa suke yi, alhali damina ba ta da tabbas. Rijiyoyin manoma sun yi ta zurfi, madatsun ruwa suka ja baya, har a watan Oktoba na 2020 hukuma ta fara tsayar da ruwan famfo da dare. A 2022 aka fara aiki da masana'antar tace ruwan teku ta Shutuka, mai iya ba da lita miliyan 275 a kowace rana, sashe don sha, sashe don noman rani. Ruwa ne mai tsada, domin lantarki mai yawa yake ci, ƙaramin manomi kuwa ba kullum yake iya biya ba.

Wanda ya tambayi dattawan Agadir zai ji cewa teku da rana suna nan tun fil azal, ba su hana garin zama kango ba. Hanyar ciniki, dokar gini da rabon ruwa, duk a hannun mahukunta suke, kuma a kan su ne makomar birnin ta rataya.