Turare da Toka a Ƙasar Kuza

Da sassafe muka bar Jos muka nufi Bukuru, sanyin hunturu yana ratsa ƙashi. Ba mu yi nisa ba tuddan jar ƙasa suka fara bayyana a gefen hanya, kowanne da tafki a gindinsa, ruwan kwance shiru. Baƙo sai ya rantse haka Allah Ya halicci wurin, alhali ramukan kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suke tonon wannan ƙasa, da fari da diga da kwano a kan lebura, daga baya da manyan injuna, har kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Ƙasar da aka birkice ta haura murabba'in kilomita 300.

Gyaran da aka yi mata shi na zo gani. Dokar ma'adinai ta 1946 ta yi tanadin gyara wurin da aka haƙa, kuma kafin shekarun 1940 su ƙare an kafa sashen da zai kula da aikin. Dabarar ita ce a baje tudu, a cike rami, a dasa turare, itacen nan ɗan asalin Ostareliya mai saurin girma, da fatan ganyensa zai raya ƙasa har ta komo hannun manomi.

Na shiga ɗaya daga cikin dazukan. Itatuwan sun miƙe sambal, ɓawonsu yana saɓulewa, iska tana ƙamshin man zafi. Daga nesa kore shar, ido ya ce an gama aiki. Amma da na tsuguna na ture busassun ganye, sai na tarar da ƙasa tauri kamar daɓe. Na sa tsinke na tona: ja ce, tsakuwa ce, ba damshi. Ciyawa ma jefi-jefi. Masu binciken da suka auna ƙasar irin waɗannan dazuka sun gano cewa turaren ƙara mata tsami ya yi. An sami itacen girki da turakun gini, ba a raina su ba, amma gona ba ta dawo ba.

A bakin wani tafki na ga abin da ya tsayar da ni. Injin ban-ruwa yana ta ƙugi, ga kabeji da karas da latas jere a kan tudun da injin kuza ya amayar. Na ce wa dattijon da ke tsugune a ciki, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa, ya damƙo ƙasar fangalinsa ya zuba mini a tafin hannu: baƙa, laushi, tana dunƙulewa. Sannan ya nuna mini tarin juji da aka kwaso daga gari. Ƙona shi yake yi, ya tsince leda da fasassun kwalabe, ya gauraya tokar da kashin shanu da na kaji da ɗan takin zamani. Shekara da shekaru yana haka, toka tana kashe tsamin ƙasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohon batir da na hango cikin jujin, domin dalma ba ta ƙonewa, kuma latas ɗanye ake cinsa.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gabatar da shirin gyaran ƙasa, ya kuma zuba kuɗi a asusun gyara. Madalla. Sai dai da me za a auna gyaran? A Amurka, dokar haƙar gawayi ta 1977 ba ta sakar wa kamfani cikakken kuɗin ajiyarsa sai tsiron ya rayu shekara biyar, a yankuna masu ƙarancin ruwa shekara goma, kuma tilas a keɓe ƙasar sama kafin a fara tono. Ni wannan na ƙarshe ya fi damuna, don ƙasar saman nan ita ce Baba ya ƙare ƙarfinsa yana ƙerawa da hannu.

Da za mu tafi, na hangi samari bayan lambun suna haƙa sabon rami, suna jawo bokiti da igiya. Baƙar ƙasa da ja duk wuri ɗaya suke zubarwa.