Araha Ba Ta Ado: Abin Da Na Koyo A Kasuwar Dutsin-Ma

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin zuwana kasuwar Dutsin-Ma, da abin da na koyo a can wanda ba a koya mini a makaranta ba.

Wanda ya taso daga birnin Katsina ya nufo kudu, zai iske Kurfi, garin Maradin Katsina, inda nake aikin koyarwa. In ya ƙara gaba sai Dutsin-Ma, garin 'Yandaka. Garin nan ya bunƙasa ƙwarai: an gama madatsar ruwa ta Zobe kusa da shi cikin 1983, ga Kwalejin Isa Kaita mai horon malamai, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa cikin 2011. Babbar kasuwarsa ran Laraba take ci, mutanen ƙauyuka su yi ta kwararowa da hatsi da dabbobi da aikin hannunsu.

Da bazara ta kama, mai ɗakina ta ce ruwan roba ya ishe ta da zafi, randa take so. Ran Laraba na hau mota. Ina sauka tasha sai na ga wani da randuna a bakin hanya, ya yi mini suna, na taya rabi, bai ko yi gardama ba ya sallama. Na koma gida ina yabon kaina. Muka cika ta da ruwa muka kwanta. Gari na wayewa sai ga tsakar gida jagab, ashe tsage gare ta a gindi, an shafe da yumɓu da toka. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, ashe karatun bai kai kan tukwane ba?"

Larabar da ta zagayo na roƙi wani tsoho, abokin mahaifina, ya raka ni. Da ya ji labari ya yi dariya, ya ce, "Yaro, duk wanda ya sallama maka a tayin farko, ka sake duban kayan." Bai bar ni na tsaya tasha ba, sai da muka kai wurin maginan tukwane su kansu. Can ya ɗaga randa ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce in saurara. Wadda ta gasu, ba ta da tsage, amonta garau yake fita kamar ƙararrawa. Mai tsage kuwa amonta a dushe yake, kome shafen da aka yi mata.

Daga nan muka bi rumfa rumfa. Tabarmar kaba, ya ce a ɗaga ta sama a dubi rana ta cikinta: in haske yana ɓullowa da yawa, saƙar ba ta tsuke ba, kuma a duba bakinta, gama daga nan take fara warwarewa. Turmi da taɓarya, a nemi na ƙirya, a ji nauyinsa, a duba ko da hudar ƙwaro. In ɗanyen ice ne, hunturu na zuwa zai dare. Kayan dukawa, a lanƙwasa fatar a shinshina: wadda ta jemu da bagaruwa tana da laushi, ba ta wari, ba ta fashewa a wurin lanƙwasa. Hula kuwa, a juya cikinta, nan ne ɗinkin hannu yake bambanta da na inji.

Game da ciniki, ya ce kada mutum ya taya kome sai ya zaga ya ji suna wurin mutum uku ko huɗu. Ka fara da sallama da gaisuwa, kana ka tambayi kuɗi. In ka taya aka ce albarka, ka ƙara kaɗan ko ka wuce, ba faɗa ba ne. Amma kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, domin in an sallama maka ka janye, ka zubar da girmanka. Mai son zaɓe ya zo da hantsi. Mai son sauƙi ya jira la'asar, lokacin da mutanen ƙauye ba su son komawa da kaya. Sai dai baƙo ya yi harama da wuri, kada dare ya same shi a hanya.

To, a nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Da la'asar muka iske wata tsohuwa da sauran faya-fayai uku masu kyaun zane. Na ga tana ɗaure kaya, na san a matse take, sai na yi mata tayin wulaƙanci, na juya kamar zan tafi. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, kawo, kuɗin mota nake nema." Tsohon nan ya riƙe hannuna ya ce, "Tambaye ta kwana nawa ta yi tana ɗinkin guda." Ta ce kwana huɗu. Ya ce mini, "Kai da ka iya lissafi, raba kuɗin nan huɗu, ka gaya mini ko za ka yarda a biya ka haka a yini." Kunya ta rufe ni, na biya ta yadda ta yi suna tun farko, na ce, "Iya, ki gafarce ni."

Ya ku 'yan'uwana akawuna da malamai, mu dubi kanmu. Mukan shiga kanti a gaya mana kuɗin bokitin roba mu biya ba musu, amma in mun zo gaban maƙeri ko masaƙi sai mu zama gwanayen ciniki. In sana'a ba ta ciyar da mai ita, ɗansa ba zai gaje ta ba, ran da tsofaffin nan suka ƙare kuwa, ko da kuɗi ba za mu sami randar kirki ba. Mu tuna jar fatar akuyar ƙasar Hausa ce aka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Aikin da ya yi suna haka bai kamata ya mutu a hannunmu ba.

Saboda haka wayon saye shi ne ka san kaya don kada a cuce ka, ka kuma san wahalar mai yin su don kada ka cuce shi. Randar da tsohon nan ya zaɓa mini ta ninka ta farko kuɗi, tana nan a gindin bedi, ruwanta kamar na ƙanƙara.

Allah ya sa mu gane, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Kurfi.