Bashin da Ake Ci da Sunan Jama'a

Tun da na sauka a birnin Lidis na ƙasar Ingila, babu wata al'ada ta mutanen nan da ta ɗaure mini kai kamar yadda na ga manya masu furfura suna haɗuwa a wani shagon shayi ran Alhamis da dare, su baje kati a tebur, su shafe sa'a biyu suna wasa, alhali babu wanda yake neman kayar da ɗan'uwansa. Mu a gida, ko dara ce ake yi a gindin bishiya, ko kartar Whot da samari ke bugawa a ƙofar shago, manufa ɗaya ce, wato ka ci abokin zamanka. Shi ya sa malamai suka daɗe suna ɗari-ɗari da karta, don sau da yawa ita ce ƙofar caca. Abin dariyar shi ne, Whot ɗin nan da muka ɗauka tamu ce, a Ingila aka ƙago ta a 1935, kuma a da kamfanin Waddingtons na wannan birni na Lidis ya daɗe yana buga ta.

Wasan da na tarar suna yi sunansa The Lord of the Rings: The Card Game, wanda kamfanin Fantasy Flight Games na jihar Minesota a Amurka ya fitar a 2011, bisa hikayar Tolkin. Mutum ɗaya zuwa huɗu ke zama, dukansu ɓangare guda, abokin gabarsu kuwa wani damin kati ne da ke fito musu da dodanni da masifu. Kowa yana zuwa da nasa damin da ya tsara tun daga gida, kati 50 aƙalla, da jarumai da ba su wuce uku ba, kuma ba a yarda kati iri ɗaya ya wuce uku ba. A gaban kowa akwai ɗan ma'auni na barazana, wanda ke farawa daga jimillar lambobin jarumansa, yana ƙaruwa da ɗaya a ƙarshen kowane zagaye, lokacin da ya kai 50 kuwa mai shi ya fita, ya bar 'yan'uwansa da nauyin da ba su shirya ɗauka ba.

To, a 2014 kamfanin ya fitar da wani ƙari mai suna The Voice of Isengard, ya ba 'yan wasa wasu katuna masu hatimin halaka, waɗanda amfaninsu babba ne, farashinsu kuma arha ne ƙwarai, sai dai duk lokacin da aka jefa ɗaya, ma'aunin barazanar kowa da kowa a teburin yana hawa, ba na mai jefawar kaɗai ba. Akwai wanda ke ba kowane ɗan wasa kati biyu kyauta, ya ɗora wa kowa barazana biyu. Akwai wanda ke ƙara wa kowane jarumi guzuri ɗaya, wato abin da ake sayen kati da shi, ya ɗora huɗu. Sannan ga Girima, mashawarcin sarki a hikayar, mayaudari kuwa, wanda ke rage wa mai shi farashin kati guda da ɗaya a kowane zagaye, jama'a duka su biya da barazana ɗaya-ɗaya. A Whot ma muna da irin wannan, lamba 14 da ke tura kowa kasuwa ya ɗebo kati, amma can makami ne da kake jefa wa abokan hamayya kana murmushi. A nan waɗanda jifar ke samu su ne waɗanda kake tare da su.

Ni kaina sai da na ɗanɗana kafin na gane. A zamana na uku aka ara mini dami mai Girima, muka shiga yaƙin tafiya a gefen kogin Anduyin, inda wani ƙaton dodon tsauni ke tsaye tun farkon wasa, ba ya taɓa kowa sai wanda barazanarsa ta kai 30. Da na ga katin nan mai ƙara guzuri a hannuna, ban yi shawara da kowa ba, na jefa shi ina jin na yi wa jama'a alheri. Abokiyar zamana, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa, tana kan 27. Ta dubi ma'auninta, ta murɗa shi a hankali zuwa 31, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ce uffan ba. Kafin zagaye biyu dodon ya gama da jaruminta guda, abin da ya rage na dukansa kuma, bisa ƙa'idar wannan dodo, ya sake hawa kan barazanarta.

Ita ce daga baya ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake haɗa wa sabon shiga irin wannan dami, kuma abin da ta faɗa ya tuna mini da yadda malaman fiƙihu ke auna maslaha da mafsada kafin su yanke hukunci. Farko, a zaɓi jarumai masu ƙaramar lamba don a sami sarari: Girima yana da 9, Eyowin 9, Elano 7, jimilla 25, kuma fannonin kati biyu kawai suka haɗa daga cikin huɗun da wasan ke da su, ga shi guzurin kowane fanni katin fanninsa yake saya, saboda haka biyu sun fi uku sauƙin riƙewa ga mai koyo. Sannan kada a sa cuta ba tare da maganinta ba. Duk damin da ke ɗora barazana wajibi ne ya ɗauki masu sauke ta, kamar Gandal, wanda ke iya rage biyar idan ya shigo, da katin gaisuwar mutanen daji, wadda ke rage wa mutum ɗaya shida ko ta rage wa kowa biyu. Abin da ta fi nanatawa shi ne bambanci tsakanin katin da amfaninsa ke game kowa da wanda mai shi kaɗai ke mora, domin mai ba kowa kati biyu adalci ne, an raba riba an raba hasara, amma rangwamen Girima a tebur mai mutum huɗu barazana huɗu ce aka biya don mutum ɗaya ya sami sauƙin guzuri ɗaya. Wanda ke wasa shi kaɗai ba ruwansa da wannan lissafi, tun da kansa kawai yake ci wa bashi.

A ganina, wahalar da baƙo irina ke sha a nan ba ta lissafi ba ce, ta tarbiyyar hannu ce, domin hannun da ya saba ɓoye kati a ƙirji, ya saba ɗaukar shirun abokin zama a matsayin dabara, ba ya saurin koyon tsayawa ya nemi izini. A teburin nan kuwa ba a jefa kati mai hatimin halaka sai an tambayi kowa inda ma'auninsa yake, an kuma duba lambobin dodannin da ke jira. Alhamis ɗin da ta wuce na riƙe katin nan mai ƙara guzuri har zagaye huɗu ina jira, sai da muka kashe dodon tsaunin tukuna, dattijuwar ta ƙirga nata ta ƙirga nawa, ta ce in jefa.