Tawadar Allo Daban, Ta Takarda Daban

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya, ko a Kwarbai ko Juma ko Kona, ya san malamanmu ba tawada ɗaya suke ajiyewa ba. Akwai zuge, wadda ake haɗawa da gawayi da ƙaro, ita ce ta allo, a rubuta yau a wanke gobe. Akwai kuma wadda ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera, ita ce ta takarda, don tana kama ta ta zauna. Da wannan ilmin nake auna tambayar da 'yan uwana sababbin marubuta ke yawan yi mini: tawadar kamfanin da ya ƙera firinta za a saya, ko mai araha ta wasu kamfanoni?

Da farko mu fahimci cinikin. Kamfanoni irin su HP da Canon sukan sayar da ƙaramar firinta da rahusa, su ci ribarsu a kurtun tawada, wato katirij. Shi ya sa suke maƙala wa kurtun 'yar na'urar da firinta za ta gane shi. A 2016 HP ya sa wasu firintocinsa suka daina karɓar kurtun da ba nasa ba, har sai da jama'a suka yi ca. A 2017 kuma Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Lexmark, ta ce haƙƙin ƙirƙira ba ya bin kurtu bayan an sayar da shi. Ke nan sake ɗura kurtu ba sata ba ce.

To amma araha ba ta ado. Tawadar ruwa iri biyu ce. Mai rini, wadda ɗigon ruwa ke narkarwa, rana kuma ta koɗar da ita. Da mai ƙwayar launi, wadda ta fi jure duka biyun. Mai araha sau da yawa ba a rubuta wace iri ce a jikinta. Ga kuma hunturunmu: in firinta ta daɗe a ajiye, tawada ta bushe a bakinta, sai haruffa su riƙa fitowa da zane-zane.

Ni dai ga yadda nake yi. Gwajin farko da na biyu na labari, waɗanda zan bi da jan biro in yaga, allo ne, mai araha ta ishe su. Amma kwafin da zan kai wa maɗaba'a, da wanda zan sa a adaka saboda 'ya'yana, da tawadar kamfani nake buga su, ko in kai inda ake da firinta mai garin tona, wanda zafi ke liƙawa a takarda. Abin da nake gudu shi ne jabu, mai kwalin kamfani da farashin kamfani amma cikinsa ba haka ba. Gara wadda ta faɗi sunanta na gaskiya.

Ya ɗan uwa, garin nan ne ya haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Abin da aka buga a lokacin har yau yana karantuwa. Kafin ka miƙa kuɗinka, tambayi kanka: wannan shafin na wankewa ne, ko na ajiya? Allah Ya sa alƙalumanmu su amfani na baya.