Eriya a Bakin Teku

Wajen sauraron rediyo Bahaushe ba ya bin bayan kowa. Tun 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, sannan RFI a 2007, akwatin rediyo ya zama abokin hirar mai shayi da maigadi da direba da makiyayi. Mun san mita kaza da ƙarfe kaza kamar yadda muka san lokutan salla. Sai dai a duk tsawon waɗannan shekaru kunne kawai muke bayarwa. Iyakar bakinmu a rediyo shi ne katin zaɓe, ko wasiƙa, ko kiran waya na minti ɗaya kafin a ce mana lokaci ya ƙure.

Alhali kuwa akwai wani nau'in rediyo da mutum shi kaɗai, da lasisinsa a aljihu, zai kafa tasharsa ya yi magana da wani mutum a wata nahiyar, ba waya, ba intanet, ba kamfani a tsakaninsu. Shi ne rediyon 'yan sha'awa. A nan Gabon da Faransanci ake kiran masu yinsa, radioamateur. Abu ne mai tsohon tarihi, domin ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris ranar 18 ga Afrilun 1925. Marigayi Sarki Hussein na Jordan yana cikinsu, da lambar kira JY1, haka ma Rajiv Gandhi na Indiya. Kowace ƙasa tana da haruffan da lambobin kiranta ke farawa da su: Najeriya 5N, Nijar 5U, Kamaru TJ, Ghana 9G, mu kuma a Gabon TR.

Ni ɗan Katsina ne, gyaran talabijin da rediyo ya kawo ni Libreville, ina zaune a unguwar Awendjé, kusa da babbar hanyar da ake kira Voie Express. Wani dattijo ɗan ƙasa ne ya fara nuna mini wannan harka. Ya kawo mini wata na'ura da soket ɗin wutarta ya ƙone, na gyara, na ce masa ban taɓa ganin rediyo mai makirufo irin wannan ba sai a motar 'yan sanda. Ya yi dariya, ya gayyace ni gidansa. A gabana ya danna makirufo ya kira, wani mutum ya amsa masa daga Italiya. Daga nan na shiga karatu, na bi hanyar neman izini daga hukumar da ke kula da harkokin sadarwa, har na sami lambata.

Matsalar farko da na ci karo da ita ita ce birni kansa. Gajeren zango yana son shiru, unguwa kuma ba ta da shi. Cajar waya mai araha, ƙwan lantarki na zamani, injin janareto, inbata, firij, kowanne yana fitar da wani ƙugi da kunne ba ya ji amma rediyo na ji. Idan na kunna na'urata a ɗaki sai in ji kamar ana suyar ƙosai a cikin lasifika, muryar da ta taso daga nesa ta nutse a ciki. Abin dariya, lokacin da na fi jin duniya sarai a Awendjé shi ne idan an ɗauke wuta. Da na lura da haka sai na ce to, tunda shiru ba zai zo mini ba, bari in bi shi inda yake.

Kayan tafiyata duka jaka ɗaya ce ta goyo. Akwai rediyon kansa, ƙarami mai ƙarfin wat 20, wato bai kai ƙarfin tsohon ƙwan fitila na ɗaki ba. Akwai batir na litiyam mai bolt 12.8 da amfiya-awa 20, wanda nauyinsa bai kai rabin na batirin gubar da ya kai shi ƙarfi ba. Akwai faifan sola mai naɗewa na wat 60, da sandar kamun kifi mai zuƙewa, da ƙullin waya, da littafin rubuta waɗanda aka zanta da su, da dardumar salla, da leda babba saboda ruwa.

Lissafin wutar ba shi da wuya. Da na auna, na'urata tana cin ƙasa da amfiya ɗaya idan ina sauraro, tana cin wajen huɗu idan ina magana. Mai wannan harka kuwa sauraronsa ya ninka maganarsa sau uku. Idan aka haɗa, abin da nake ci a awa bai kai amfiya biyu ba, ke nan batirin zai kai ni fiye da awa goma ko da rana ba ta leƙo ba. Wannan lissafi yana da muhimmanci a nan, domin ranin Libreville ba irin namu ba ne. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa yana ɗaukewa, amma gajimare ya rufe sama ruf, sai faifan sola ya yini yana ba da kaɗan daga abin da aka rubuta a jikinsa. Da damina kuma rana tana fitowa da ƙarfi tsakanin ruwa da ruwa, sai dai garin yana shan fiye da milimita 2,800 a shekara, kusan ninki uku na Kano, ga tsawa. Da zarar na ji rugugi, ko da daga nesa ne, eriya nake fara saukewa kafin komai. Wanda ya kafa sanda a fili yana riƙe da waya ana walƙiya, ya kira abin da ya fi ƙarfinsa.

Eriyar ma ba wani abin a zo a gani ba ce. A zangon mita 20, wato wajen megahaz 14, waya mai tsawon mita biyar nake ɗaurawa a jikin sandar kamun kifi in tsayar da ita, in shimfiɗa wasu wayoyi huɗu masu irin wannan tsawon a ƙasa, kowace ta fuskanci nata ɓangaren. Inda sirrin yake shi ne wurin da aka kafa ta. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da busasshiyar ƙasa nesa ba kusa ba, don haka eriyar da ke tsaye a bakin teku tana harba saƙo ƙasa-ƙasa, kusa da inda sama ta haɗu da ruwa. Can sama, ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, akwai wani rufin iska da hasken rana ke cika shi da lantarki. Saƙon yana bugunsa ya dawo ƙasa a wuri mai nisa, ya sake tashi, ya sake dawowa. Gwargwadon kwanciyar saƙon lokacin da ya bar eriya, gwargwadon nisan tsallensa. Wannan ne ya sa ranar Lahadi, bayan asuba, nake kama hanyar Cap Estérias a arewacin birni, in ratsa dajin Mondah, in sami inuwa kusa da ruwa.

Yadda ake hirar ma akwai tsarinta. Za ka nemi mitar da ba kowa, ka tambaya ko akwai mai amfani da ita, sannan ka yi kiran kowa-da-kowa, wanda ake cewa CQ, ka faɗi lambarka harafi-harafi: Tango, Romeo, Eight, da sauran. Wanda ya ji ka zai amsa da tasa. Ku gaya wa juna ƙarfin da kuke jin juna, mafi kyau shi ne 59, ku faɗi suna da gari, ku yi sallama da 73, wato fatan alheri. Da yake masu TR ba su da yawa a iska, sau da dama ina kira sau biyu sai in ji muryoyi sun taso tare kamar an watsa wa kaji tsaba: Jamus, Sifen, Rasha, Brazil, Afirka ta Kudu. Rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, wanda muke ciki ya fara a Disambar 2019 ya kai ƙololuwa a 2024, kuma a wannan tsakanin zangon mita 10 ya buɗe har na zanta da Amurka da wat ɗin nan nawa 20.

Mutane ba sa rasa taruwa. Yara su tsuguna su yi ta kallon sandar, masunta su tambaye ni wane irin kifi nake kamawa a sama. Wata rana wani jandarma ya tsaya ya nemi takarduna. Ban ga laifinsa ba, baƙo da eriya a gaɓar teku dole a tambaye shi. Na miƙa masa lasisi da katin zama, na buɗe masa littafina, na sa masa abin sauraro a kunne. Ya yi minti goma yana jin wani Bafaranshe yana kwatanta sanyin garinsu. Shawarata ga duk mai sha'awa ita ce kada ya fita ko ƙofar gida da wannan na'ura ba tare da takardarsa ba.

Ranar da na san ainihin darajar abin da ke cikin jakata, da kuma iyakarsa, ita ce 26 ga Agustan 2023. Ranar zaɓe ce. Da yamma gwamnati ta katse intanet, ta sa dokar hana fitar dare, ta dakatar da RFI da France 24 da TV5 Monde. Wata guda kafin nan, ranar 26 ga Yuli, sojoji sun karɓi mulki a Nijar, an rufe iyakoki, hankalin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke nan ya riga ya rabu biyu. Ga shi WhatsApp da kowa ya dogara da ita ta mutu, kiran waya zuwa gida kuma sai mai kuɗi. A tsakar gida na ɗaura waya a bishiyar mangwaro, na jona batir, muka zauna mu fiye da goma muna kamo sassan Hausa a gajeren zango. Mai katse intanet yana da makunni a hannunsa, amma saƙon da ke saukowa daga sama ba shi da makunnin da za a kashe a Libreville. Tsofaffin cikinmu suka tuna lokacin da Gabon kanta ke ciyar da nahiyar da irin wannan zango, daga tashar Moyabi ta Africa N°1 da ta fara aiki a 1981.

A daren na biyu wani dattijo maƙwabcina, mutumin Maraɗi mai sayar da yadi a kasuwar Mont-Bouët, ya matso kusa da ni.

“Ɗana, kai da kake magana da Turai, ba ka aika mini gida ka ce muna lafiya?”

Na ce, “Baba, da zan iya da ban jira ka roƙa ba. Dokar wannan rediyo ba ta yarda a ɗauki saƙon wani zuwa wata ƙasa ba sai a halin bala'i da ceton rai. Ga shi gari a ɗaure, wanda aka ji yana watsa magana yanzu zai jawo wa gidan nan duka abin da ba mu shirya masa ba.”

Ya yi shiru, sannan ya ce, “To a ce an yarda, wa zai amsa maka a can?”

Ban danna makirufo ba har ranar 30 ga wata, da sojoji suka sanar da karɓe mulki aka maido da intanet. Amma tambayar Baba ta zauna mini. Tsakanin Libreville da Katsina kusan kilomita 1,400 ne, tsalle ɗaya tak a zangon mita 40 da asuba ko da magariba. Agogonmu ma ɗaya ne. Na cika shafuka da sunayen garuruwan Turai da ban taɓa gani ba, amma har yau ba a taɓa amsa mini da “wa alaikumus salam” ba. Hanyar a buɗe take, mai tsayawa a ɗaya bakin ne babu.

Wannan ba maganar nishaɗi kaɗai ba ce. Da girgizar ƙasa ta auka wa Nepal a Afrilun 2015, da Turkiyya a Fabrairun 2023, 'yan sha'awa da batiransu suna cikin waɗanda suka riƙe sadarwa a wuraren da turakun waya suka faɗi. Mu ma mun ɗanɗana. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don su ce wa 'yan'uwa suna raye. Ambaliya kuma kowace damina tana cin turaku da hanyoyi. Ba ina cewa mai lasisi zai tsallake umarnin hukuma ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ranar da hukumar agaji za ta nemi wanda zai haɗa ƙauyen da ruwa ya yanke da babban gari, ya kamata a sami wanda ya iya, ya saba, kuma hukuma ta san shi tun kafin ranar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙasarmu ta fi nan dacewa da wannan aiki. Rana da nake roƙo a Cap Estérias, a Katsina gudunta ake yi. Faifan sola ya shiga ƙauyuka, batir yana ko'ina, masu gyaran rediyo da waya cike suke a kasuwar Sabon Gari da Farm Centre a Kano, ga ɗaliban lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da kwalejojin fasaha. Ga kuma tauraron ɗan'adam Es'hail-2 na Qatar, wanda aka harba a Nuwamban 2018, yana tsaye a saman Afirka ɗauke da tashar 'yan sha'awa mai suna QO-100, ana kama shi da irin farantin dish da ke kan rufin gidajenmu. A Najeriya akwai ƙungiyar 'yan sha'awa ta ƙasa, NARS. Abin da ya rage malamin kimiyya ɗaya ne a makarantar sakandare ɗaya ya ce zai fara, ya tara yara biyar, su koyi lissafin eriya da dokokin iska.

Na fara nawa ɗan ƙoƙarin daga gida. Yaran shagona biyu, ɗaya ɗan Bitam ɗaya ɗan Tasawa, sun iya yanka waya daidai da zango, sun iya karanta ma'aunin batir, suna shirin neman nasu lasisin. Ɗan Tasawan ya ce idan ya koma gida da na'urarsa zai koma. Mun riga mun yanke magana: mita 40, ranar Lahadi, bayan sallar asuba. Duk wanda ya riga shi samun 5N ko 5U a cikin masu karanta wannan, ya leƙo wannan zangon a wannan lokacin, ya yi sallama da Hausa.