Ankon hoton ƴan Tarminal: wa zai shiga, wa zai ɓuya?

A farkon watan Mayun 2025 ɗiyata ta kira ni daga Ƙwanni. Can take karatu, tana ajin ƙarshe na lise, wato Tarminal, tana zaune wurin gwaggonta. Bayan gaisuwa na ji tana ta kewaye-kewaye, na san da magana. Can ta ce: "Baba, ƴan ajinmu sun fitar da ankon hoton ƙarshen shekara. Shadda ce, da ɗinki da mayafi jika ashirin da biyar."

Duk mai zama Alela ya san abin da watan Mayu yake nufi. Rumbu ya yi ƙasa, ido na gabas ana jiran ruwan shuka, ga iri, ga taki, ga kuma Babbar Sallah da ta faɗo a farkon Yuni a shekarar. Na ce mata: "Ɗiyata, Bak za ki rubuta ko biki za ki?" Ta ce: "To, Baba." Ta ajiye waya.

Da dare uwarta ta same ni. Ta ce: "Malam, shekara goma sha uku ke nan yarinyar nan tana lakwal: shida a firamare, huɗu a kolej, uku a lise. Cikin ƴan matan da suka shiga aji ɗaya tare da ita, ƙirga mini waɗanda suka kai nan." Na ƙirga a zuci, yatsun hannu ɗaya ba su ƙare ba. Ta ce: "To, ba shadda take roƙo ba. So take a gan ta a wurin."

Maganar ta mayar da ni ga nawa hoton. Shekarar da za mu rubuta BEPC aka ce kowa ya kawo hotuna don takardun jarabawa. Mu shida ne ƴan ƙauye, babu mai rigar kirki a cikinmu. Wani yayan abokinmu ya ara mana kwat ɗaya. Muka yi layi a shagon mai hoto, wannan ya tuɓe, wancan ya saka. Ni ta yi mini yawa a kafaɗa, aka kama ta da hannu ta baya. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma ran nan ya rufa mana asiri mu shida, babu wanda ya koma gida ba hoto.

A nan na gane inda anko ya bambanta. A hoton ɗaiɗai ana iya aro, domin riga ɗaya tana zagayawa. Anko kuwa kowa sai ya saka nasa, iri ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ba ya aruwa. Wanda ba shi da shi zaɓinsa biyu ne: ya tsaya cikin sahu kowa na ganin talaucin gidansu, ko ya ƙi zuwa. Abin da aka fito da shi don a zama ɗaya, shi ne yake tsame mara hali.

Cikin makon na tafi Ƙwanni. Kafin in je gidan ƙanwata na biya wurin wani malaminsu, tsohon abokina. Da na kawo zancen sai ya yi murmushi, ya ce tuni wasu ɗalibai sun fara shirya uzuri: wannan za ta je ƙauye duba kaka, wancan an aike shi Tawa. Ya ba ni labarin wani yaro daga yankin Malbaza, wanda duk ajin ba mai kama ƙafarsa a lissafi. Da hutu lodin albasa yake yi a Galmi, da kuɗin yake sayen littattafai da sabulu. Shi ne ya fara cewa ba ya son hoto. Malamin ya ce: "Ba hoto ne ba ya so ba, mushe. Farashin ya ji."

Ban zargi yaran da suka fitar da ankon ba. Abin da suka gani suka kwaikwaya. Mu iyaye ne muke fitar da anko a aure, a suna, har a walimar dawowa daga Makka. Ƙwanni kuma bakin iyaka ce: duk yayin da ya fito a Sakkwato ko Kano, kafin mako ya zagayo ya ƙetaro ta Illelar Najeriya ya iso kasuwarmu, wanda bai zo ta mota ba ya zo ta WhatsApp da TikTok. Yaran da suka zaɓi shaddar ba mugunta suka nufa ba. A gidajensu jika ashirin da biyar ba abin taro ba ne, shi ya sa ba su hango na kusa da su ba.

Muka kai maganar ga ƙungiyar iyayen yara, aka kira wakilan ajin. Wani uba ya ce a soke hoton gaba ɗaya. Ban goyi bayansa ba, domin maganar uwar ɗiyata na cikin kunnena. Wani ya ce a ɗauka da kayan makaranta, yaran suka ce shekara uku suna cikinsu, ranar ƙarshe suna son su fito daban. Gaskiya ce su ma. Wata malama ce ta raba gardamar. Ta ce: "Ku zaɓi launi, kada ku zaɓi yadi." Aka tsaya a kan fari. Wane namiji ne ba shi da farar rigar Juma'a, ko ba zai samu ta aro ba? Wace yarinya ce ba ta da farin hijabi? Sauran kayan kuwa, kowa ya saka abin da Allah ya hore masa. Wasu dai sun ɗinka shaddarsu, suka yi nasu hotunan daga baya, babu wanda ya hana su.

Ɗiyata ba ta ji daɗi ba da farko, ba zan ɓoye ba. Ta riga ta zaɓi ɗinki a waya. Uwarta ce ta buɗe akwati ta ciro wata atamfa ta cikin lefenta, wadda ta adana ba ta taɓa kai wa tela ba. Aka ɗinka mata riga da zane, kuɗin ɗinkin kawai na biya.

Ga abin da nake roƙon malamai ƴan uwana da iyaye. Ku sa baki tun a farkon shekara, kafin yara su je kasuwa su yanko yadi, domin bayan an yanka, hanawa faɗa ce. Ku tambayi wanda ba zai zo ba kafin ku tambayi launin da ya fi kyau. Idan za a karɓi kuɗin wanke hoto, a sa shi daidai da aljihun mafi rauni a ajin. Sannan ku bambanta wa yara wannan hoton da na takardun jarabawa. Shi wancan ba wurin ado ba ne: fuska a buɗe, ba kwalliya mai yawa, kuma a ce wa mai hoto kada ya ƙara hasken fata a kwamfuta, domin mai tsaron ɗakin jarabawa fuskar da ke gabansa zai gwada da wadda ke kan takarda.

Hoton yana rataye a ɗakina yanzu. Rana ta yi yawa a gefe ɗaya, fararen ma ba su zo iri ɗaya ba, wani ya yi ƙal, wani ya sha wanki har ya koɗe. Ɗiyata na sahu na biyu da atamfar uwarta. Da ta zo hutu na ce ta nuna mini yaron nan na Malbaza. Ta ɗora yatsa can baya, kan wani dogo da hannun rigarsa bai kai masa wuyan hannu ba. Na tambaye ta ko akwai wanda bai zo ba. Ta bi sahu-sahu tana kiran sunaye har ta kai ƙarshe, sannan ta ce: "Babu, Baba. Duk muna nan."