Na kwana a motar asibiti, lafiyata ƙalau

Jama'a, na ga abin da sai na ba ku labari! Ɗan ƙanwata da ke aikin wayar lantarki a birnin Phoenix na Amurka ya ɗauke ni muka yi yamma, tafiyar kusan kilomita 200, zuwa wani ɗan gari a hamadar Arizona da ake kira Quartzsite. Duk watan Janairu dubban mutanen da suka mayar da motocinsu gidaje suna taruwa a nan, suna gudun sanyin arewa. Amma ba taron ne ya kama ni ba. Motar da muka je da ita ce. Motar asibiti ce, irin mai jiniya, ya saya a gwanjo ya mayar da ita ɗaki da falo.

"Kawu, cire takalmi ka shigo," in ji shi. Na sa ƙafa ke nan na tsaya cak. Inda ake kafa gadon mara lafiya yanzu darduma ce shimfiɗe. Dogon bencin da ma'aikatan jinya ke zama ya koma gado. Akwatunan magani masu murfin gilashi suna nan yadda suke, sai dai shinkafa da taliya da ganyen shayi ne a ciki. Ga murhu, ga famfo, ga firji yana 'yar ƙararsa, kuma babu turken wuta ko ɗaya iya ganin ido!

Nan take na tambaye shi me ya sa bai sayi motar da aka ƙera don zama ba. Sai ya ce in ƙwanƙwasa bango. Na ƙwanƙwasa, na ji ƙarfe. Akwatin bayan nan na alminiyam ne, an yi masa ƙashi mai ƙarfi don ko motar ta kife kada ya murƙushe na ciki, alhali da yawa daga motocin shaƙatawa siririn katako ne aka lulluɓe. Tasa Ford E-450 ce ƙirar 2002, mai injin dizal ɗin nan 7.3 da masu harkar ke rububi, wanda Ford ya daina sawa a 2003. Ya ce duk mai saye kada ya tsaya kan kilomitar da motar ta yi, ya duba agogon awannin inji, domin motar asibiti tana shafe awanni a tsaye inji na aiki, kuma kowace awa guda ana lissafa ta kamar tafiyar mil 25 ko fiye. Kafin ta hau titi da sunansa kuwa, sai da ya cire jiniya da jajayen fitilu, ya kankare rubutun asibiti da tambarin nan mai shuɗin tauraro.

Daga nan ya zagaya da ni waje, ya buɗe dogon akwatin da a da ake tsayar da tukunyar oksijin. Wallahi nan ne zuciyar motar take! Batura huɗu na litiyam, irin da ake kira LiFePO4, a jere, an ɗaure su tam. Kowanne amfiya 100 ne a kan bolt 12.8, wato huɗun sun tara wuta sama da kilowat biyar na awa guda. Ya ce in ɗaga ɗaya da ya rage bai haɗa ba. Na ɗaga da hannu ɗaya! Nauyinsa bai kai rabin na batir mai ruwa irin wanda muke sa wa inbata a gida ba. Kuma shi mai ruwan, in kana son ya daɗe, rabin wutarsa kawai za ka sha ka bar saura, wannan kuwa kana iya shanye kusan duka ya sake cika, sau dubbai.

Sai dai litiyam yana da sharuɗɗansa, kuma yaron nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, in ba haka ba ya lalace daga ciki, lalacewar da ba ta gyaruwa. Shi kuma yana hawa Flagstaff, garin da ke kan tudu mai tsayin mita 2,100, inda dusar ƙanƙara ke zuba, don haka ya zaɓi batura masu ɗumama kansu. Sannan ba a haɗa shi kai tsaye da altaneta. Litiyam da ya yi ƙasa yana zuƙar wuta iya ƙarfinsa har altaneta ta yi zafi ta ƙone, sai ya sa wata 'yar na'ura a tsakani mai ƙayyade abin da zai wuce. Baturan tayar da inji daban, na zaman gida daban, ko da ya kwana da fanka da fitila, da safe mota za ta tashi. A saman rufi kuma faifan sola ne ke shan ranar hamada.

Aikin da ya fi cin ransa shi ne tsofaffin wayoyi. Ya buɗe wani allo a bayan kujerar direba, na ga wayoyi cunkus ba iyaka. Kowacce an buga mata lamba a jiki, amma ya ce in ka yanke wadda ba ita ba, wata motar ko tashi ba za ta yi ba. Haka ya bi su da mita, waya bayan waya, sai ya san inda kowacce ta dosa kafin almakashi ya taɓa ta. A nan na jinjina masa.

To, abin da ya sa na yi kabbara shi ne jak. Inda muka tsaya ƙasar a karkace take. Ya zuba mai a kasko, duk man ya gangara gefe guda. Ya ce, "Kawu, zuba ido." Ya tayar da inji, ya fita ya ajiye faffaɗan katako huɗu a ƙasa, ya dawo ya danna maɓalli ɗaya. Sai na ji gurnani a ƙarƙashinmu, ƙafafun ƙarfe huɗu suka sauko, motar da ta doshi tan shida ta motsa, ta ɗaga nan, ta sauke can, ta ɗan gyara, ta tsaya. Man nan ya dawo tsakiyar kasko! Na yi tafiya daga gaba zuwa baya, ko girgiza babu.

Jak ɗin na haidurolik ne, famfo ɗaya ke tura musu mai, kuma famfon yana jan wuta sosai, shi ya sa ake barin inji a kunne. Kafa su ba wasa ba ne, domin a jikin shasi ake ɗaure su, ba a jikin akwatin alminiyam ba, ga shi akwatunan kaya na gefe sun cinye wurin. Daidaiton kuma ba don daɗin barci kaɗai ba ne. Ruwan wanka ba ya bin magudana in mota ta karkace, kuma maƙwabtanmu masu firjin gas, irin mai aiki da amoniya, in suka bar shi yana aiki a karkace sai ya toshe ya mutu. Ya ja mini kunne kan abu biyu: ba a ɗaga tayoyin baya su bar ƙasa, saboda ta nan birkin ajiya yake riƙe mota, kuma ba a shiga ƙarƙashinta don jak ya ɗaga ta.

Duk wannan kaya nauyi ne, ga tankin ruwa da kowace lita kilo guda ce. Motar an yi mata iyakar fam 14,050, don haka da ya gama aiki ya kai ta sikelin manyan motoci ya auna gaba da baya.

Na shiga motoci da dama a wurin nan, wasu an ƙawata su da katako mai sheƙi da labule, amma ba wadda ta kwanta mini kamar wannan. Mai karatu, in wata rana ka samu irin wannan mota, ka fara kashe kuɗinka a kan batir da waya da jak, labule ya zo daga baya.